Wata Biyun da Suka Canja Eagles: Nazari Kan Cinikin 'Yan Wasa na 2024

Ranar 15 ga Janairun 2024, a birnin Tampa, ƙungiyar Buccaneers ta lallasa Eagles ta Filadelfiya da ci 32 da 9, ta fitar da ita daga gasar NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, tun a zagayen farko na wasannin sili-ɗaya-ƙwale. Wanda ya kalli wasan ya ga mutanen da jikinsu ya mutu. 'Yan baya na kai hannu su kama abokin hamayya yana zame musu kamar tarwaɗa, 'yan gaba kuma kowa na kallon ɗan'uwansa. Abin da ya ƙara wa magoya baya ciwo shi ne, makonni bakwai kacal kafin nan ƙungiyar nan tana da nasara 10 da faɗuwa 1, babu kamarta a duk gasar. Daga ranar da 49ers suka zo har gida suka zura musu 42 da 19, sai komai ya warware. Cikin wasanni shida na ƙarshen kaka biyar aka ci su, har da Cardinals da Giants waɗanda ba sa neman komai a lokacin.

Ba a gama shanye wannan ba, a watan Maris Jason Kelce ya ajiye wasa bayan kaka 13, shi ne ke tsakiyar katangar da ke kare kwatabak (ɗan wasan da ke jagorantar hari yana jifan ƙwallo), shi ke karanta tsarin abokan hamayya ya faɗa wa kowa wanda zai tare. Kwana shida bayan haka Fletcher Cox, dattijon layin tsaro, ya bi sahu bayan kaka 12. Wannan ita ce ƙungiyar da Howie Roseman, babban manajan Eagles, ya tarar a gabansa. Wata 13 bayan daren Tampa suka ɗaga kofin Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar. Yawanci in ana ba da labarin, sai a ce sun sayi mai gudu da ƙwallo Saquon Barkley ne shi ke nan. Ni a ganina wannan rabin zance ne, kuma rabin da aka bari ya fi koyarwa, domin cinikin da suka fi kashe wa kuɗi a waccan kasuwa shi ne ya fi lalacewa.

Sai an fahimci dokokin kasuwar kafin a gane abin da ya faru. A NFL ba a sayen ɗan wasa da kuɗi daga wata ƙungiya kamar yadda muka saba gani a ƙwallon Turai, kuma attajiri ba zai iya tara taurari son ransa ba. Akwai rufin albashi da aka ɗora wa ƙungiyoyi 32 daidai wa daida. A 2024 rufin ya kai dala miliyan 255.4, ƙarin kusan miliyan 30 a kan na shekarar da ta gabata, kuma a cikinsa za ka biya 'yan wasa 53. Hanyoyin samun mutum uku ne: ka ɗauki wanda kwantiraginsa ya ƙare idan kasuwa ta buɗe a watan Maris, ka yi musaya da wata ƙungiya, ko ka zaɓi matashi daga jami'a a zaɓen watan Afrilu mai zagaye bakwai, inda wadda ta fi kowa rauni ke fara ɗauka. Matashin da aka zaɓa albashinsa ƙayyadadde ne na shekara huɗu, kuma ɗan kaɗan ne idan aka gwada da na tsofaffin hannu.

Kafin a taɓa ɗan wasa ko ɗaya, an fara da masu horarwa. Mutane da yawa a Filadelfiya sun so a kori babban koci Nick Sirianni. Mai ƙungiyar, Jeffrey Lurie, ya bar shi, amma aka canja masa hannun dama da na hagu. Kellen Moore ya karɓi tsara kai hari, Vic Fangio, mai shekara 65 a lokacin, ya baro Miami ya karɓi tsaro. A kakar da ta rushe, an karɓe ragamar tsaro daga Sean Desai a watan Disamba an miƙa wa Matt Patricia, 'yan wasa suka shiga fili ba su san muryar wa za su bi ba. Fangio ya zo da tsarin da ya shafe shekaru yana gogewa: ka matsa wa kwatabak da mutum huɗu kawai, sauran bakwai su koma baya su rufe hanyoyin jifa, su ɓoye abin da suke nufi har sai an saki ƙwallo. Tsari ne da ke bukatar 'yan baya masu kaifin ido da 'yan gaba da za su ci mutum ba tare da taimako ba. Duk cinikin tsaron da ya biyo baya, da wannan ma'auni ya kamata a auna shi.

Ranar 11 ga Maris kasuwa ta buɗe, kuma a ranar labarin Barkley ya fito: shekara uku, dala miliyan 37.75, miliyan 26 daga ciki tabbas ne ko da ya karye. Abin ya ba mutane mamaki saboda Roseman na cikin waɗanda suka fi riƙo da ra'ayin cewa mai gudu da ƙwallo ba a zuba masa kuɗi. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce jikinsu na saurin gajiya, kuma katanga mai kyau za ta mai da ko wane ne gwani. Eagles da kansu sun bar Miles Sanders ya tafi a 2023, suka kawo D'Andre Swift da araha, ya yi musu sama da yadi 1,000, shi ma suka bar shi ya tafi Chicago. To me ya sa aka karya al'ada a kan mutum mai shekara 27 da ya taɓa tsinka jijiyar gwiwa a 2020, wanda a kakarsa ta ƙarshe da Giants bai kai yadi 4 a kowace ɗauka ba?

Amsar tana cikin farashi. Da duk ƙungiyoyi suka yarda masu gudu ba su da daraja, sai kuɗinsu ya faɗi har ya wuce ƙa'ida. Abin da Barkley zai riƙa karɓa a shekara, wajen miliyan 12 da rabi, bai kai rabin abin da manyan masu cafke ƙwallo ke karɓa ba. Roseman bai canja aƙida ba, ya ga kaya ne mai tsada an karyar da shi a kasuwa. Kuma ya san abin da Giants ba su da shi. Shekara shida Barkley yana gudu a bayan katangar da ke barin a taɓa shi tun kafin ya ɗaga ƙafa. A Filadelfiya akwai Lane Johnson a dama, Jordan Mailata a hagu, Landon Dickerson kusa da shi, ga kuma Jeff Stoutland da ya fara horar da katangar tun 2013. John Mara, ɗaya daga cikin masu Giants, an ji shi a wani shirin talabijin yana cewa barci zai yi masa wuya idan Saquon ya koma Filadelfiya. Bai hana ba.

Katangar nan ta cancanci a tsaya a kanta, don ita ce ginshiƙin da ba a saya a 2024 ba. Mailata ɗan Ostireliya ne mai wasan rugbi da bai taɓa buga wannan wasa ba lokacin da aka zaɓe shi a zagaye na bakwai a 2018. Shekaru aka yi ana koya masa daga tsayuwa. Cam Jurgens, wanda ya gaji Kelce, tun 2022 aka ɗauko shi a zagaye na biyu, ya zauna yana koyo a gefen maigidan har shekara biyu. Saboda haka ranar da Kelce ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida yana ban kwana, ƙungiyar ba ta shiga kasuwa neman madadinsa ba. Gurbi ɗaya ya rage, na dama kusa da tsakiya, aka cike shi da Mekhi Becton, ƙato ne da Jets suka zaɓa na 11 a 2020 suka gaji da raunukansa. Kwantiragin shekara ɗaya aka ba shi, Stoutland ya janye shi daga gefe ya mai da shi ciki, wurin da bai saba ba, ya zauna daram.

Yanzu ga wanda ba a son tunawa. A rana ɗaya da Barkley, Eagles suka amince da Bryce Huff kan shekara uku, dala miliyan 51.1. Wannan ne ciniki mafi girma da suka yi da baƙo a shekarar. Lissafin a takarda ba shi da aibu. Huff ya kayar da kwatabak sau 10 a Jets alhali ba ya buga ko rabin wasa, shekarunsa 25, ga sauri daga gefe. Haason Reddick, wanda ya kayar wa Eagles da kwatabak sau 16 a 2022 da sau 11 a 2023, yana gab da shekara 30 kuma yana neman ƙarin albashi. Sai aka ce a sayar da tsoho a sayi yaro, aka tura Reddick Jets a kan zaɓe ɗaya na 2026. Abin da ba a auna da kyau ba shi ne, a Jets ana sako Huff ne lokacin da kowa ya san jifa za a yi, aikinsa ɗaya, ya ruga. Fangio yana son ɗan gefe da zai tare gudu, ya riƙe matsayinsa, wani lokaci ya ja baya. Huff bai taɓa sakewa a tsarin ba. Ya kayar da kwatabak sau biyu da rabi a duk kakar, aka yi masa tiyata a wuyan hannu a Nuwamba, ranar Super Bowl kuwa ko kayan wasa ba a ba shi ya sa ba.

Devin White ma haka. An zaɓe shi na 5 a 2019, ya ci kofi da Tampa, aka kawo shi ya riƙe tsakiyar tsaro. A watan Oktoba aka sallame shi bai buga wasa ko ɗaya ba. Abin da nake yaba wa a nan ba hangen nesa ba ne, don babu shi. Abin yabon shi ne ba a tilasta wa Fangio ya sa mutum a fili don kawai an kashe masa kuɗi ba. Ƙungiyoyi da yawa kan ɓata kaka guda suna kare mutuncin manajan da ya yi kuskure. A nan an zaunar da Huff mai miliyan 17 a shekara, aka ba Nolan Smith da Josh Sweat filin, aka ƙara da Jalyx Hunt, yaron da aka zaɓa na 94 daga wata ƙaramar jami'a a Houston.

Wanda ya haskaka a tsakiyar tsaron shi ne labarin da ya fi burge ni a duk lamarin. Zack Baun ya yi shekara huɗu a New Orleans, yawancin aikinsa a rukunin da ke bin ƙwallo idan an buga ta da ƙafa, aikin da ba a san sunan masu yin sa. Dala miliyan 3.5 aka ba shi na shekara ɗaya, kuma tunanin farko shi ne ya riƙa taimakawa a gefe. Fangio ya duba bidiyonsa, ya lura da 'yan lokutan da aka tsayar da shi a tsakiya bayan layi, ya ga yadda yake motsi, ya ce a nan zai yi wasa. Baun ya gama kakar da kamu 151, ya fizge ƙwallo daga hannun abokan hamayya sau biyar, aka sa shi cikin zaɓaɓɓun gwanayen shekara na sahun farko. Wato abin da aka biya Huff a shekara ya kusa ninka na Baun sau biyar. Kuma bambancin ba na hazaka ba ne kawai. Ɗaya an saye shi ne saboda abin da ya yi a wani tsari dabam, ɗayan kuma mai horarwa ya ga abin da zai iya yi a nasa tsarin.

Zaɓen Afrilu a Detroit ya zo da sa'a, bai kamata a ɓoye hakan ba. Tsaron jifa na Eagles a 2023 shi ne na 31 cikin 32, kowa ya san 'yan baya suke nema. Sai ga shi mutum 14 na farko da aka ɗauka duk 'yan kai hari ne, abin da ya turo masu tsaro ƙasa. Da layi ya zo kansu a lamba 22, ba a taɓa ɗan baya mai tsaron gefe ko ɗaya ba, suka ɗauki Quinyon Mitchell na jami'ar Toledo. Rabon da su zaɓi irinsa a zagayen farko tun Lito Sheppard a 2002. Washegari Cooper DeJean na Iowa, wanda karayar ƙafa a ƙarshen 2023 ta sa ƙungiyoyi suka yi ta tsallake shi, yana nan ba a ɗauka ba. Roseman ya yi musaya da Washington, abokiyar hamayyarsu ta rukuni ɗaya, ya hau zuwa lamba 40 ya ɗauke shi. Sa'a ta kawo su kusa, amma sai da aka miƙa hannu. Haɗe da dawowar C.J. Gardner-Johnson, layin 'yan bayan ƙungiyar ya canja fuska cikin mako shida.

Tambayar da mai lissafi zai yi ita ce ina aka samo kuɗin, tunda a wannan bazarar aka sabunta wa Dickerson kan miliyan 84, Mailata 66, DeVonta Smith 75, A.J. Brown 96, ga kwatabak Jalen Hurts da tun 2023 ya sa hannu kan miliyan 255. Dabarar ita ce kuɗin sa hannu. Doka ta yarda a biya ɗan wasa dunƙulallen kuɗi yau, amma a raba shi a littafin rufin albashi har shekara biyar. Idan ka ba mutum miliyan 20 a hannu, miliyan 4 kawai za a rubuta maka bana. Eagles sukan ƙara wa kwantiragi shekarun bogi a ƙarshe, waɗanda kowa ya san ba za a buga su ba, don kawai a samu inda za a shimfiɗa nauyin. Shi ya sa a littafin 2024 Hurts bai ci musu miliyan 14 ba, Barkley bai kai miliyan 4 ba. Bashi ne, babu wani suna da za a ba shi. Yana tafiya ne bisa sharaɗi biyu: mai ƙungiya ya yarda ya fitar da tsabar kuɗi tun da wuri, wanda Lurie ke yi, sannan rufin ya ci gaba da hawa kowace shekara yadda bashin jiya zai zama ƙarami a gobe. In ɗan wasan ya lalace da wuri, ragowar kuɗin kan faɗo maka gaba ɗaya.

Da kaka ta ƙarato, hasashen ya rabu biyu. Ba wanda ya yi shakkar hazakar 'yan wasan. Shakkar tana kan Sirianni, da Hurts da ya jefa wa abokan hamayya ƙwallo sau 15 a 2023, da ko katanga za ta tsaya babu Kelce. Watan farko bai kashe gardamar ba. A São Paulo ta Burazil Barkley ya shiga raga (wato ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya ci maki) sau uku suka ci Packers 34 da 29. Mako na biyu ƙwallo mai sauƙi ta suɓuce masa a ƙarshen wasa, Atlanta ta juya ta ci 22 da 21. Mako na huɗu suka koma Tampa aka sake yi musu 33 da 16. Nasara biyu, faɗuwa biyu, kuma masu kiran a kori koci suka dawo da ƙarfi.

Makon hutun da ya biyo baya ne aka gyara zama. DeJean, da ya warke daga ciwon cinya, ya shiga sahun farko. Aka rage jifa aka ƙara gudu, har ta kai a ƙarshen kaka babu ƙungiyar da ta kai su yawan gudu da ƙwallo, babu kuma wadda ta kai su ƙarancin jifa. Hurts ya sauko daga kuskure 15 zuwa 5. Suka ci wasa goma a jere. Ranar 3 ga Nuwamba, da Jacksonville, Barkley ya cafke ƙwallo a gefe, ya kauce wa mutum na farko, ya yi juyi ya bar na biyu, sai ya samu kansa ya ba na uku baya. Maimakon ya juyo, ya daka tsalle da baya, ya buɗe ƙafafu, mai tsaron ya wuce ta ƙarƙashinsa. 'Yan benci suka ɗora hannu a ka. Ya gama kakar da yadi 2,005 a wasa 16, mutum na tara da ya taɓa haura 2,000, aka hutar da shi a wasan ƙarshe alhali yadi 100 ne tsakaninsa da tarihin Eric Dickerson na 2,105. Eagles suka ƙare da 14 da 3, tsaronsu kuma ya zama na ɗaya a gasar wajen ƙarancin yadin da ya bari.

Ranar 9 ga Fabrairun 2025 a New Orleans, ƙarfe sha biyu da rabi na dare agogon Najeriya, suka haɗu da Kansas City Chiefs, waɗanda suka ci su 38 da 35 a wasan kofi shekara biyu kafin nan. Chiefs sun zo da niyya ɗaya, su tsayar da Barkley, kuma sun tsayar da shi: ɗauka 25, yadi 57. Da ƙungiyar a kan mutum ɗaya aka gina ta, da a nan ta ƙare. Amma a zango na biyu Patrick Mahomes, kwatabak na Chiefs, ya gangara dama yana neman mai karɓa, ya saki ƙwallo, DeJean ya shigo daga inda ba a zata ba ya cafke, ya ratsa yadi 38 ya shiga raga, a ranar da ya cika shekara 22. Kafin hutun rabin lokaci Sweat ya tura mai tare shi har ya bugi Mahomes yana jifa, Baun ya yi nutso ya kama ƙwallon dab da ƙasa. Aka tafi hutu 24 da 0. Sau shida aka kayar da Mahomes ba tare da Fangio ya ƙara mutum na biyar a kansa ba. Aka tashi 40 da 22, Hurts ya zama gwarzon wasa.

Nasara tana da nata farashin, kuma kwanaki kaɗan bayan kofi aka fara biya. Moore ya tafi New Orleans ya zama babban koci. Milton Williams, wanda ya kayar da Mahomes sau biyu, ya karɓi miliyan 104 a New England. Sweat ya tafi Arizona, Becton ya tafi Chargers, aka saki Darius Slay, aka yi musayar Gardner-Johnson zuwa Houston. Ba a iya riƙe kowa ba saboda ana tanadi ga ɗan layin tsaro Jalen Carter da sauran matasan da ranar biyansu ke tafe. Gurbin Williams ya koma hannun irin su Moro Ojomo, haifaffen Legas da aka zaɓa a zagaye na bakwai a 2023. Mutum biyu aka buɗe wa asusu: Barkley ya samu ƙarin shekara biyu kan miliyan 41.2, mai gudu na farko da ya haura miliyan 20 a shekara, Baun kuma ya sa hannu kan shekara uku, dala miliyan 51, kusan daidai da abin da aka ba Huff shekara guda kafin nan. A watan Yuni aka tura Huff San Francisco, wurin Robert Saleh, tsohon kocinsa na Jets.